Zagaya Ostareliya da ɗaki a bayan mota: iska ce ke zaɓen hanya, ko damina?

Duk mai leƙa bidiyoyin 'yan yawon duniya ya taɓa cin karo da su: tsoho da tsohuwarsa, ko magidanci da iyalinsa, sun ɗaura wani farin akwati mai taya a bayan jif, sun kulle gida, sun ce sun fita zagaya Ostareliya, sai baɗi in da rai. Kafin su tayar da mota akwai gardamar da ba ta ƙarewa a tsakaninsu. Ta wane hannu za a zagaya? A bi hannun agogo, ko a saɓa masa? Mafi yawansu za su ce maka a saɓa, wai ta haka iska za ta riƙa tura ka daga baya har ka dawo gida. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma wanda ya ɗauke ta yadda take zai sha mamaki a hanya.

Wane irin ayari ake nufi?

Kalmar da Turawa ke kiran wannan akwati da ita, karaban, ita ce kuma suke kiran ayarin raƙuma da ita, shi ya sa wasu ke rikicewa. A nan ba raƙumi ba madugu. Ɗaki ne na tafi-da-gidanka: gado, ɗan kicin da murhun gas, firiji, tankin ruwa, wani har da banɗaki. Ba shi da inji, mota ce ke jansa. Manyan sukan kai tan biyu zuwa uku in an gama lodi, tsayinsu kuma ya ɗara na motar da ke jansu, sai ka ga kamar an ɗaura wa jif katanga.

Hanyar da suke bi ita ce babbar hanya mai lamba 1, wadda ta yi wa ƙasar zobe ta bakin teku. Tsawonta kusan kilomita 14,500, wato kamar mutum ya yi Kano zuwa Legas sau goma sha huɗu. Suna kiran tafiyar babban zagaye. Masu yin ta da yawa 'yan fansho ne, har an laƙaba musu suna makiyaya masu furfura, don su ma bin yanayi suke yi, ko da yake ba su da ko akuya. Wasu su gama a wata shida, wasu shekara, wasu kuwa sun sayar da gidan ma.

Kano a cikin madubi

Bahaushe yana da wata hanya mai sauƙi ta gane yanayin arewacin Ostareliya. Birnin Darwin yana kusan digiri 12 ne kudu da layin da ya raba duniya biyu, Kano kuma digiri 12 arewa da shi. Don haka abin da muke gani su ma suna gani, sai dai a juye. Daminarsu daga Nuwamba ce zuwa Afrilu, raninsu daga Mayu zuwa Oktoba. Suna ma da bazara irin tamu a Oktoba da Nuwamba: zafi, gumi, hadari ya haɗu ya watse, kowa ransa a ɓace. Bambancin shi ne ruwan Darwin ya tasam ma milimita 1,700 a shekara, wajen ninki biyu na Kano, kuma yana zuwa da mahaukaciyar guguwar teku.

Kudancin ƙasar labarinsa daban. Melbon, Adelaide da Perth suna da sanyi da yayyafi daga Yuni zuwa Agusta, zafinsu kuma daga Disamba zuwa Fabrairu. A watan Yuli mutumin Melbon yana cikin rigar sanyi, rana da ƙyar ta kai digiri 14, alhali mutumin Darwin yana yawo da 'yar shara a digiri 30 da 'yan kai, sama tas ba gajimare.

Daga nan ƙa'idar farko ta fito, kuma ita ce uwar sauran: ka kasance a arewa tsakanin Mayu da Satumba, ka kasance a kudu daga Nuwamba zuwa Maris. Wanda ya karya ta ba iska ce za ta hukunta shi ba. Hanyar Gibb River, burji mai kusan kilomita 660 a yankin Kimberley da ke arewa maso yammacin ƙasar, rufe ta ake yi da damina. Garin Marble Bar da ke cikin yankin Pilbara ya taɓa yin kwana 160 a jere, daga ƙarshen Oktoban 1923 zuwa farkon Afrilun 1924, zafin rana bai sauka ƙasa da digiri 37.8 ba. Tekun arewacin Queensland kuma daga Nuwamba zuwa Mayu cike yake da wata halitta mai kama da leda, dafinta na iya kashe mutum. Su kadoji ba su da hutu, duk shekara suna nan.

Madugan gishirin Bilma ma haka suke lissafi: sai damina ta ɗauke, raƙuma sun ƙoshi, zafi ya sassauta, sannan ayari ya tashi daga Azbin. Watan tashi shi ake fara tsayarwa, sauran shiri ya biyo baya.

Daga ina iskar take fitowa?

Akwai wata ɗamarar iska mai nauyi da ke kwance a kan Ostareliya daga yamma zuwa gabas. A kudancin duniya iska tana zagaya irin wannan dandazon iska mai nauyi ne saɓanin hannun agogo. Sakamakon haka, duk abin da ke arewa da ɗamarar yana samun iska daga gabas ko kudu maso gabas, abin da ke kudu da ita kuma yana samun iska daga yamma.

Abin da masu gardama suka fi mantawa shi ne ɗamarar ba a kafe take ba. Da sanyinsu takan hau arewa ta zauna a tsakiyar ƙasar. A lokacin nan arewa duka tana shan busasshiyar iskar kudu maso gabas, wadda 'yar'uwar iskar hunturunmu ce ta jini, kudu kuma tana shan iskar yamma mai ruwa da sanyi. Da zafinsu ɗamarar takan gangara kudu ta koma kan teku, sai gaɓar kudu da a da ke shan iskar yamma ta koma shan ta gabas. Hanya ɗaya, iska biyu, ya danganta da watan da ka iso.

Sai kuma iska ta biyu, wadda ba ruwanta da ɗamara: iskar teku ta bayan azahar. Ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi. Da rana ta take, iskar da ke kan tudu ta yi zafi ta tashi sama, mai sanyi ta taso daga teku ta maye gurbinta. A Perth har suna suka ba ta, Likitan Fremantle, don ita ke kawo musu sauƙi da la'asar a watannin zafi. Mai zama a tsakar gida likita ce a wurinsa. Mai jan karaban zuwa kudu kuwa, ciwo ce.

Wanda ke son ganin ƙarfinta da idonsa sai ya je Greenough, kudu da Geraldton. Akwai itatuwa a gefen hanya da suka girma a kwance: gindi ya fito daga ƙasa, ya ɗan miƙe, sai ya lanƙwashe gaba ɗaya ya nufi arewa, rassa suna shafar ciyawa kamar mai ruku'u. Ba guguwa ce ta kayar da su ba. Iskar kudu mai gishiri ce ta yi ta ƙona tohon da ke fuskantarta shekara da shekaru, itacen ya yi ta girma ta ɗaya gefen.

Abin da iska ke ci a aljihu

Me ya sa ake wannan dogon lissafi a kan iska? Saboda turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi. Ka ɗauka kana tafiya a kilomita 90 cikin awa. In iska mai gudun 30 tana bugun ƙirjinka, motar ji take kamar tana keta iska a 120, turjiyar kuma ta ƙaru da kusan kashi 78 cikin ɗari. In iskar nan a bayanka take, turjiyar ba ta kai rabin ta ranar da ba iska ba. Duk direban da ya taɓa ɗaura katifu a saman mota ya san yadda totur ke nauyi a ƙafa. To karaban katifa ce da ba a saukewa.

A yi misali da motar da ke shan lita 18 na man dizal a kowace kilomita 100 in tana ja. Zobe ɗaya ba tare da ratse ba zai ci sama da lita 2,600, kuma ba wanda ke zagayawa bai ratse ba. Ƙarin lita uku ko huɗu a kowace ɗari, na tsawon makonni, kuɗi ne. Ga shi a ƙauyukan kan hanya man ya fi na birni tsada nesa ba kusa ba, gidajen man kuma wani lokaci tsakaninsu ya kusa kilomita 200. Iskar gaba tana iya mayar da tankin da ya saba kai ka ya zama bai kai ba.

Duk da haka, a ganina iskar gefe ta fi cancantar a ji tsoronta. Iskar gaba kuɗi take ci, ta gefe rai take nema. Tana bugun faffaɗan bangon karaban, wutsiya ta fara kaɗawa, in lodi ya taru a baya kaɗawar ta ƙaru har ta fi ƙarfin sitiyari. Sannan ga manyan tirelolin jeji masu jan bodi uku ko huɗu, waɗanda tsawonsu ke kai mita 53.5. In ɗaya ta zo wuce ka, sai ta tare iskar na 'yan daƙiƙu, ta ja ka jikinta, sannan ta sake ka iskar ta dawo gaba ɗaya. Wanda tirela ta taɓa wuce shi a ƙaramar mota a hanyar Zariya ya ɗanɗani kaɗan daga ciki.

Masu cewa a saɓa wa agogo

Wannan shi ne zagaye irin na ɗawafi: tsakiyar ƙasa a hagunka, teku a damanka. Ka tashi daga Sidni ko Melbon a Afrilu ko Mayu ka nufi arewa. Iskar kudu maso gabas tana bayanka har Cairns. Ka juya yamma a Yuni ko Yuli, ka ratsa filin Barkly, shimfiɗaɗɗen fako marar itace tsakanin Camooweal da Tennant Creek, inda iskar gabas ke kaɗawa ba abin da ke tare ta. Tana bayanka. Darwin, Kununurra, Broome, duk da iska a ƙeya da sama mai haske. Har nan masu wannan ra'ayi sun yi gaskiya, kuma rabin tafiyar ke nan.

Matsalar tana farawa daga Broome. Tsakaninta da Perth ya haura kilomita 2,000, kudu za ka nufa, kuma daga wajen Oktoba iskar kudu take fara ƙarfi a wannan gaɓa har zuwa Maris. Carnarvon, Shark Bay, Geraldton, kullum ƙirji da ƙirji. Ladan da ke ciki shi ne furannin daji, waɗanda ke fara buɗewa a arewa tun Yuni suna gangarawa kudu har Nuwamba, sai ka ga kamar tare kuke tafiya.

Sai kuma Nullarbor, shimfiɗaɗɗen fakon da ke gaɓar kudu, inda aka fi yin kuskure. Sunan daga Latin yake, ma'anarsa ba itace. Daga Norseman zuwa Ceduna kusan kilomita 1,200 ne, a ciki har da wani miƙaƙƙen yanki na kilomita 146.6 tsakanin Balladonia da Caiguna wanda ba kwana ko ɗaya. Ana yawan cewa iskar yamma za ta tura ka gabas a nan. Haka ne, da sanyinsu da kuma ɗan lokacin da ke biye da shi. Amma wanda ya bi kalandar da muka faɗa yawanci sai Disamba ko Janairu yake isowa, lokacin ɗamarar ta riga ta gangara teku, iskar ta juyo daga kudu maso gabas. Alkawarin da aka yi masa na Agusta ne, shi kuwa ya zo a Janairu.

Akwai wata hujja da ake kawowa cikin raha: tunda a hagu ake tuƙi a can, mai saɓa wa agogo yana layin ciki, don haka tafiyarsa ta fi gajarta. Gaskiya ne. In tazarar layukan biyu mita uku da rabi ce, ribar da zai samu a zoben duka kusan mita 22 ce. Ya sha shayi da ita.

Masu cewa a bi agogo

Su kuma sukan tashi da wuri, a Fabrairu ko Maris, su nufi yamma. Iskar ƙarshen zafi tana taimakonsu a Nullarbor. Su huta a kudu maso yamma, sannan su hau gaɓar yamma a Afrilu da Mayu, ragowar iskar kudu tana bayansu. Suna isa Ningaloo, wani yankin teku a wannan gaɓa, daidai lokacin da manyan kifayen nan masu ɗigo-ɗigo, waɗanda suka fi kowane kifi girma a duniya, ke zuwa, wato daga Maris zuwa Yuli. Suna kuma shiga Kimberley a farkon rani, lokacin da magangarun ruwa ke zuba da ƙarfi, kafin su ƙafe. Mai zuwa a Satumba sau da yawa dutse kawai yake tararwa.

Bashinsu a gaba yake jiransu. Daga Kimberley zuwa Queensland gabas za su nufa, a tsakiyar lokacin iskar gabas, su ratsa Barkly da ƙafa a kan totur. Daga Cairns kuma su gangara kudu iskar tana fuskarsu.

Ka ga kenan kowane hannu yana da kason iskar gabansa na dubban kilomita. In za a tambaye ni, watan da mutum zai iya tashi da garin da zai tashi daga shi su ke yanke hukunci. Mutumin Sidni da ya samu dama a Mayu ya nufi arewa kai tsaye, don in ya bi ta kudu zai shiga sanyi ya kuma makara ga ranin arewa. Wanda ya samu dama a Janairu ba shi da abin yi a arewa, ya bi kudu ya yi yamma. Mutumin Perth da ya tashi a Afrilu, arewa zai yi, wato hannun agogo, ko masu gardama sun so ko sun ƙi.

Sammako ya fi taswira

Tsofaffin hannu a wannan harka ba su cika ɓata baki a gardamar ba. Tashi da asuba suke yi. A sansanonin gaɓar yamma, gari bai gama wayewa ba za ka ji ana naɗe rumfa, ana cire wayar lantarki da tiyon ruwa, ana ɗaga ƙafafun karaban, uwargida tana tsaye a baya tana duba ko fitilun birki da na sigina suna kamawa. Da hantsi sun ci rabin tafiyar ranar. Kafin azahar sun isa masauki, sun kafa, sun ɗora buta. Lokacin da iskar teku za ta taso ta fara girgiza rumfuna, su suna zaune a gefen da karaban ta kare musu ita, suna kallon waɗanda suka makara suna shigowa a gajiye.

Sai dai sammakon ma yana da iyaka: kangaru da shanun sake sun fi fitowa kan kwalta da duku-duku da kuma magariba, don haka sai rana ta ɗan leƙo ake hawa hanya. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasar tana wallafa taswirar iskar garuruwa ta ƙarfe 9 na safe da ta ƙarfe 3 na yamma daban-daban, kuma a garuruwan bakin teku sai ka rantse ba wuri ɗaya ba ne. Ranar da aka yi hasashen iska mai tsanani kuwa, ɗan fansho ba ya da ogan da ke jiransa. Sai ya ƙara kwana.

Inda lissafi ke rushewa

Lokacin guguwar teku a hukumance daga 1 ga Nuwamba ne zuwa 30 ga Afrilu, kuma mutanen Darwin ba su manta da Tracy ba, wadda ta ragargaza birnin a Kirsimetin 1974 ta kashe fiye da mutum 60. Amma guguwa ba ta san iyaka ba. A Afrilun 2021 Seroja ta sauko har Kalbarri, can kudu inda ba a saba ganin irinta ba, ta lalata mafi yawan gine-ginen garin, daidai lokacin da masu bin agogo ke hawa wannan gaɓa.

A Janairun 2023 ambaliyar da ragowar guguwar Ellie ta kawo ta karya gadar Fitzroy Crossing. Ita ce kan hanyar kwalta ɗaya tilo da ta haɗa Broome da Kununurra, don haka zoben ya tsinke. Motocin kaya suka riƙa zagaye na dubban kilomita, matafiya suka yi ranin shekarar suna bin mashigar wucin gadi, sabuwar gada ba ta buɗe ba sai Disamba. Kudu ma ba ta tsira ba: gobarar daji ta rufe hanyar Nullarbor fiye da mako guda a farkon 2020, mutane suka maƙale a gidajen man kan hanya, ambaliyar Lismore ta 2022 kuma ta datse babbar hanyar gaɓar gabas.

Wa abin ke shafa?

Tunda kalanda ɗaya kowa ke karantawa, wuri ɗaya kowa ke nufa a lokaci ɗaya. Broome gari ne na mutum wajen dubu goma sha biyar, amma a tsakiyar rani yawan jama'arta kan ninka har sau uku. Wurin ajiye karaban a can, ko a bakin Ningaloo, sai an kama tun da watanni, musamman in ya haɗu da hutun makarantu na Yuli. Abin da ban dariya: mutum ya sayi ɗaki mai taya don ya kwana inda dare ya yi masa, ya ƙare yana kama wuri tun bara.

Ga mazauna waɗannan garuruwa, wata biyar ɗin nan su ne kakarsu. Mai gidan mai, bakanike, mai gyaran taya, mai sayar da burodi, a nan suke haɗa na shekara. In damina ta daɗe ko gada ta karye, su ke fara ji a jika. Ga matsin da baƙi ke kawowa ga ƙananan asibitoci, tunda da yawan matafiyan dattawa ne masu shan magani kullum.

Masu son haɗawa da tsibirin Tasmaniya suna da ƙarin lissafi guda. Tsibirin yana cikin layin iskar yamma mai ƙarfi da ke kaɗawa a tekun kudu, don haka daga Disamba zuwa Maris aka fi zuwa. Karaban sai dai ta shiga jirgin ruwa daga Geelong zuwa Devonport, tafiyar awa tara zuwa goma sha ɗaya, kuma da tsawon mota da abin da take ja ake yanke kuɗin. Wuraren dogayen motoci a cikin jirgin ba su da yawa, su ke fara ƙarewa, shi ya sa ake sayen tikitin dawowa tare da na zuwa.